Kwamfutar Masu Awo da Injin Ladan

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya sayi kwamfuta jiya, yau ya kalli bidiyo biyu a waya, gobe ya buga kati an rubuta masa injiniya. In an ce ya ɗora rumbun bayanai, sai ya yi ta danna "ci gaba" har injin ya ce an gama, ya karkaɗe hannu ya kama gabansa. A tsakiyar wannan danne-dannen akwai wata tambaya da ke fitowa, inda ake cewa ka zaɓi tsarin da za a shimfiɗa wa faifai. Ban taɓa ganin ɗayanku ya tsaya ya karanta ta ba. Ni kuwa wannan tambayar ce ta kusa raba ni da sana'a, saboda haka ku gyara zama.

A Kano na koyi aiki, a hannun Malam Ado, cikin wani shago da bai fi ɗakin girki faɗi ba. Kayan aikinsa kaf ba su cika aljihu biyu ba: sukundireba babba da ƙarama, tsohon burushin goge baki, ɗan abin hura iska na roba, sai faya-fayan sidi a cikin gwangwanin biskit. Shekarata ta farko ban wuce shara da goge fanka ba. Sai a ta biyu ya fara yarda in zauna kusa da shi idan yana shirya sabon faifai.

Shi ya fara gaya mini cewa faifan ajiya fili ne kawai. Kafin ka zuba komai sai an yanka shi, an sa iyaka, an san wannan wurin na wane fayil ne. Abin da ke yin wannan yankan shi ake kira tsarin fayil. Ni ɗan ƙauyen arewacin Kano ne, inda gona take manne da gona, gamba ce kaɗai ke raba su, don haka ban sha wahalar ganewa ba. In gamba ta ƙone, gero yana nan, amma ba mai iya cewa wannan kunyar ta wa ce.

Iri biyu muke aiki da su a lokacin. Tsohon, mai suna ext2, yana rubutu kai tsaye, ga sauri. Amma in wuta ta ɗauke yana tsakiyar matsar da iyaka, to haka zai bar ta rabi a nan rabi a can, kuma in ya tashi sai ya bi faifan gaba ɗaya yana lalube. Sabon, ext3, kafin ya taɓa komai sai ya rubuta abin da zai yi a wani ɗan lungu, sannan ya yi. In ya faɗi ya tashi, wannan lungun kawai zai duba ya san inda ya tsaya. Malam Ado yana kiransa mai niyya. Shi ma rumbun bayanai yana da tasa ɗabi'a: duk abin da ya rubuta sai ya tambayi faifai ko ya zauna, ya jira amsa. Ana iya kashe wannan jiran, aiki ya yi ta gudu. Malam Ado bai taɓa kashewa ba. Kuma ba ya sallamar kwamfuta sai ya fizge filoginta tana tsakiyar rubutu, ya mayar, ya ga yadda ta tashi. Na ɗauka tsufa ne ke damunsa. Da kunne ɗaya nake sauraronsa, ɗayan yana wajen mai awara.

Aikin da ya horar da ni shi ne na ƙaramin asibitin garinmu, wanda ba shi da nisa da Ɗanbatta a babur. Shugabar wurin ungozoma ce, Hajiya Rabi, mace gajera mai murya kamar ta mutum uku. Rabin yaran yankinmu a hannunta suka faɗo. Damuwarta ɗaya ce a duniya: katunan masu awon ciki. Suna cikin kwalaye a wani ɗakin ajiya, gara ta mayar da su abincinta. Mace ta zo da ciki na biyar, a nemi abin da ya faru a na huɗu, a tarar da rabin katin ya zama ƙasa. Da aka ba asibitin kyautar wata tsohuwar kwamfuta, Hajiya ta aiko a kira ni. Na ɗora rumbun a kan mai niyya kamar yadda aka koya mini. Malama Saratu, mai yankar kati, ta yi watanni tana kwashe abin da ke takarda tana zubawa a ciki, da yatsa biyu, tana yi tana salati.

Matsalar ita ce nawa. Faifan ya tsufa, duk sunan da Saratu ta ajiye sai ya yi ɗan tunani. Ranar awo kuwa mata tun daga bakin ƙofa har gindin darbejiya, kowa ta baro aiki a gida. Kuma matan garinmu ba su iya shiru ba. Ina shigowa wata za ta ɗaga murya:

"Malam Habibu, wai kwamfutar nan taka azumi take yi ne?"

Wata ta ce, "Ku ƙyale ta, ita ma ciki gare ta, a yanka mata kati."

Sai dariya ta ɓarke har da tafi. Hajiya Rabi ta ja ni gefe ta ce, "Habibu, ni dai ban san yadda za ka yi ba. Matan nan su koma gida kafin rana ta take."

Ni kuma ƙuruciya da son a yaba suka ɗebe ni. Na kwashe komai a sidi, na share faifan, na shimfiɗa masa tsohon tsari mai sauri, na kuma kashe wancan jiran. Na ce a raina ai ga akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, me zai faru? Ranar awo ta gaba kwamfuta ta zama wata aba daban. Kafin Saratu ta ɗaga yatsa an ajiye. Layi ya ƙare da hantsi. Matar da ta ce azumi take yi ta aiko mini da kwanon gyaɗa, Hajiya ta riƙa nuna ni ga baƙi. Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni, kuma gaskiya na ji daɗin wannan lokacin ƙwarai.

Sai shekarar wahala ta zo. Taransifomar garinmu ta ƙone, aka yi ta cewa gobe za a kawo wata, goben ba ta zo ba. Fetur ya yi wuyar samu, sai a galan, a bakin hanya. Batirin akwatin nan ya mutu, ba halin sayen wani. Damina kuma ta sauka da ƙarfi, rufin ɗakin ajiya ya rufta a kan kwalayen Hajiya, katunan da gara ta raga suka koma kunu. Daga ranar, tarihin cikin kowace mace a yankinmu yana wuri ɗaya ne tak, a cikin faifan da na shimfiɗa wa tsarin da ba ya jure faɗuwa. Asibiti ya koma kan ɗan ƙaramin injin wuta. Ni kuma ina can ina yawon gyara a wasu garuruwa, ban ko tuna ba.

Wata safiya aka aiko in zo maza. Na tarar da Saratu ta yi tagumi, allon kwamfuta baƙi da fararen rubutu. Na sa kwamfutar ta binciki kanta, muka zauna muna kallo kusan awa guda. Da ta gama, rumbun ya ƙi buɗewa. Guntayen fayil ne birjik a wani wuri, ba suna sai lambobi. Hajiya Rabi ta tsaya a kaina, ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Habibu, matana suna ciki?"

Na ce, "Hajiya, ki ba ni kwana uku."

Sidin da na kwasa ranar da na sauya tsari shi ya fara cetona, amma ya tsufa. Na yi ta haɗa guntaye da shi, na samo da yawa. Na watanni uku na ƙarshe kuwa sun tafi. Da na gaya wa Hajiya, sai ta ɗaura mayafi a ƙugu ta ce a yi shela, duk mai ciki ta zo ranar Laraba ko ba ranarta ba ce.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Na zaci kuka za a yi, ashe biki ne. Matan nan kowa ta san cikin 'yar'uwarta fiye da nata. A tambayi wata yaushe aka yi mata allura ta biyu, kafin ta buɗe baki ta bayanta ta ce, "Ranar da aka yi noman farko a gonar mijinki, tare muka zo, kin manta kin yi amai a hanya?" Wata ta ce wata biyar ne cikinta, tsohuwar da ta rako ta ta ce, "Ƙarya kike, shida ne, ni na fara gani." Saratu tana bugawa tana dariya har da hawaye. Abin da baki ba zai iya dawo da shi ba, kamar awon jini, Hajiya ta sake yi daga farko. Ni kuma ina gefe, ba wadda ta zage ni, sai dai duk mai wucewa ta ce, "Sannu, mai sauri."

Abin da ya rage shi ne in san me ke kashe kwamfutar. Na zargi faifai, na zargi waya, na zargi mai. Saratu ta ce wuta tana ɗaukewa kullum, amma ai ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, don haka ba ta taɓa kawo shi a matsayin labari ba. Sai na ce bari in wuni a wurin in gani da idona. Tun safe inji yana ruri lafiya lau. Rana ta yi tsaka, Saratu tana cikin bugu, sai ɗif. Kafin in miƙe, sai na ji murya ta tashi daga ɗan masallacin asibiti, ana kiran Azahar.

Na fita na tarar da Baba Ɗanjuma, maigadin asibitin, wanda shi ne ladan, shi ne kuma mai kula da inji. An ajiye injin ne a jikin bangon masallaci. Na jira aka idar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kai ne kake kashe injin nan?"

Ya ce, "To da wa zai kashe?"

"Kullum?"

"Azahar da La'asar. Ranar Juma'a dai hutunsa ne." Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa. "Tun kafin a yaye ka nake kiran salla a nan. Yau ƙarfe ne zai rufe mini baki? Masu gona a bayan nan da muryata suke sanin lokaci."

Na ce, "Baba, ko za ka riƙa leƙowa ka gaya wa Malama Saratu kafin ka kashe?"

Ya ce zai yi, kuma ya yi, kwana biyu. Rana ta uku yana alwala ya ga lokaci ya shiga, ya miƙa ƙafa ya taka makunnin. Ban ga laifinsa ba. Ko da bai manta ba, mai yana ƙarewa ba sallama, wayar wutar ma akuya takan bi ta kanta. A nan na gane abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko. Ban tambayi yadda wuta take mutuwa a wannan gidan ba, na tsaya tambayar yadda zan burge layi.

Na sake share faifan, na mayar da mai niyya, na kunna jiran da na kashe. Sannan na koma wajen Baba na ce ina neman alfarma: yau ya kashe inji duk lokacin da ya ga dama, kada ya gaya wa kowa. Tsohon nan bakinsa har kunne. Saratu ta zauna tana buga sunayen ƙarya, ni ina rubuta duk wanda kwamfuta ta ce ta ajiye. Baba yana laɓe a bayan taga, sai ya ga mun shagala ya kashe, mu jiyo shi yana ƙyaƙyata dariya. A tayar, cikin minti ɗaya ta dawo, mu duba. Sau da yawa komai yana nan. Can da yamma sai suna ɗaya ya ɓace, alhali ta ce ta ajiye shi.

Wannan sunan ya hana ni sukuni. Washegari na shiga motar Kano na je wajen Malam Ado, na kwashe komai na gaya masa, har da abin kunyar. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Faifanka ne maƙaryaci." Ashe shi kansa faifan yana da ɗan aljihu da yake riƙe rubutu kafin ya sauke, sai ya amsa cewa ya zauna alhali yana hannunsa. Ya nuna mini yadda ake hana shi. Na ce to ai nawar nan za ta dawo, matan nan za su cinye ni. Ya jawo wani ƙaramin faifai daga ƙarƙashin benci ya ce in ba rumbun shi, ya riƙa rubuta nasa littafin aikin a can shi kaɗai, kada allurar rubutun faifai ɗaya ta yi ta kai da kawowa tsakanin wuri biyu. Ya kuma ce in hana tsarin rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, tunda ba mai tambaya. Na naɗe faifan a cikin hulata, na rungume shi a ƙirji tun daga tasha har gida, kwandasta yana ta kallona.

Saurin bai kai na da ba, amma layi yana ƙarewa kafin Azahar. Baba ya sake wuni yana kashe mana inji, ba suna ɗaya da ya ɓace. Na kuma ɗora wa Saratu dokar kwafi a sidi duk Alhamis, Hajiya ta riƙa tafiya da shi gida a cikin jakarta.

Wajen ƙarshen daminar, wata rana na leƙa don in goge fanka. Ba ranar awo ba ce, inji a kashe don a tattala mai. Sai ga amalanken shanu ya shigo da gudu. Wata mace ce a kwance, Talatu, cikinta ya tsufa, jini yana zuba, ba ta iya magana. Hajiya Rabi ta duba ta sau ɗaya ta ce sai babban asibitin Ɗanbatta, kuma za ta buƙaci jini. Ta tambayi mijin, Malam Iro, wane irin jini gare ta. Ya ce bai sani ba. Ta ce ina takardar gwaji? Ya ce ɗakinsu ya yi yoyo, duk takardu sun lalace.

Saratu ta dafe ƙirji. Ta ce, "Hajiya, na tuna ta. Mako uku da suka wuce ta zo da takarda, jininta irin mai wuyar samu ne, an gwada wani ɗan'uwanta ya yi daidai. Ina buga sunansa na danna ajiye, sai Baba ya kashe inji."

Na ce, "Ta ce miki ta ajiye?"

Ta ce, "Wallahi ban tuna ba."

Baba Ɗanjuma bai jira an gaya masa ba. Ya ja igiyar inji sau uku ya tashi. Na tsaya a gaban allon nan. Da tsohon tsari ne, da sai mun jira ta gama lalube, Talatu kuwa ba ta da awa guda ta bayarwa. Minti bai cika ba rumbun ya buɗe. Saratu ta buga sunan. Ga nau'in jinin. A ƙarƙashinsa ga layi na ƙarshe, cikakke: ƙanenta Hamisu, da sunan ƙauyensu.

Hajiya ta ce, "Habibu, babur ɗinka."

Aka sa Talatu a mota, ni na yanki hanyar gonaki. Na sami Hamisu a cikin gyaɗa, taɓo har gwiwa. Na ce yayarka, hau. Bai ko ajiye fartanya ba, da ita ya hau, sai a hanya ya jefa wa wani ya riƙe masa. Kusan tare muka isa Ɗanbatta da motar. Aka ɗebi jininsa, aka shiga da ita. Kafin Magariba aka fito aka ce mace ce, kuma uwa tana numfashi. Ban san sanda na zauna a ƙasa ina dariya ba, Hamisu yana tambayata ko lafiya.

Ranar suna an aiko wa Hajiya da Saratu da Baba kwanon waina kowa nasa. Ni an gode mini a kan babur. Ba wanda ya san da wani tsari a cikin faifai, ni ma ban tsaya bayani ba, na sa hannu a kwanon Baba muka cinye.

Tun daga nan na sauya wa asibitin kwamfuta sau uku. Tsare-tsaren sun canza suna, faya-fayan yanzu ko allura ba su da ita, akwai hasken rana a kan rufi. Amma duk wanda ya kira ni aiki, kafin in buɗe jaka sai na tambayi wa ke kashe wuta a gidan, da yaushe. Kuma ba na tafiya sai na fizge filogi da hannuna. Ku ma ku yi, ko mai kayan zai yi ihu.

Hajiya Rabi ta yi ritaya, Baba Ɗanjuma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Saratu ce babba a ɗakin kati yanzu. Bara ta kira ni a waya ta ce in zo in ga wani abu. Na je na tarar da wata yarinya a zaune, ta zo awon cikinta na fari, tana ta sunkuyar da kai. Saratu ta tambaye ta sunan mahaifiyarta don a duba ko akwai abin da ya kamata a sani. Ta ce Talatu. Saratu ta buga, ta juyo mini da allon. Layin yana nan yadda ta rubuta shi, har da sunan Hamisu. Ta dubi yarinyar ta ce, "Tashi mu je a gwada jininki yau, kuma ki gaya wa kawunki kada ya yi nisa."